Iskar da Ke Kwance a Gindin Rijiya

Makon jiya saura ƙiris in faɗi a tsakar gidan maƙwabcinmu don ɓacin rai, kuma ba jahilai ne suka jawo mini ba. Samari ne huɗu, kowannensu da takardar makaranta a ɗaki, ɗaya ma jikana ne. Maƙwabcin nan yana da rijiya a bayan ɗakin girki, an rufe ta da kwano tun shekarar da aka kawo mana burtsatse a unguwarmu nan cikin Daura. Da injin burtsatsen ya lalace, 'yan garuwa suka yi wuyar gani, sai ya tuna da ita, ya roƙi samarin unguwa su yashe ta. Ina zaune a ƙofar gida na ji ƙarar inji kamar daga cikin randa take fitowa. Na ja sandata na shiga. Sai na tarar sun ɗaure injin ban ruwa da igiya sun zura shi cikin rijiyar, wai tiyonsu bai kai ba. Hayaƙi yana ta murɗawa a ciki, jikana ya tuɓe riga zai sauka ya riƙe bakin tiyon, ɗaya kuma ya saita waya yana ce masa ya ɗaga hannu.

Na ce, "Kai! Cire ƙafarka daga nan!"

Ya ce, "Tsoho, minti biyar ne fa. Koma inuwa kada rana ta taɓa ka."

Na ce, "Ubanka da minti biyar. Ku kashe injin nan!"

Suka kwashe da dariya. Da na ga magana ba za ta yi ba, sai na hau bakin rijiyar na zauna, na gicciya sandata, na ce wanda zai shiga sai dai ya ɗauke ni. Maigidan ya fito, ya ji kunyar furfurata, ya ce a bari. Ina ji da kunnena wani a cikinsu yana cewa tsoho ya fara ruɗewa. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

To, me zan ce da mutanen da rijiya ɗaya suka sani a duniya, Kusugu, ita ma don a tsaya a gabanta a ɗauki hoto? Ruwa a wurinsu abu ne da ke fitowa daga famfo ko daga leda. Ba su taɓa tambayar daga ina ya taso ba. Mu kuwa a ƙauyenmu, can ƙasar Sandamu, rijiya ce ke tashinmu da safe. Kafin ka buɗe ido ka ji igiya tana goga gungumen da ke bakinta, gungumen da igiyoyin kakanninmu suka yi wa zane-zane har yatsa yana nutsewa a ciki. Ka ji guga ya faɗa, tinjim, ka ji tulu yana ɓulɓul har muryarsa ta siranta, ka san ya kusa cika. Ka ji shanun Fulanin da ke rugar yamma da mu suna ture juna a bakin komi, mata suna faɗa a kan wadda ta riga zuwa, wata tana cigiyar gammonta. Tafin hannun kowa ya yi kanta. Ni aikina ke nan tun ina iya tsayuwa da igiya: randa biyu ta Inna, komin awaki, sannan gona. Ban ce daɗi gare shi ba. Duk wanda ya ce muku jan guga a watan bazara abin marmari ne, ƙarya yake yi, ko kuwa bai taɓa ja ba. Amma wanda ke leƙa rami kullum ba ya rasa tambaya, mu kuwa tambaya har ta yi mana yawa.

Me ya sa ruwan rijiya yake da ɗumi da safiyar ɗari, har ka ga yana tururi, amma da bazara ya yi sanyi kamar a tsohuwar randa? Me ya sa in ka yi kira a ciki muryarka take dawowa da kauri? Da gaske ne wanda ke gindin rijiya yana ganin taurari da rana tsaka? In na tambayi Inna, amsarta ɗaya ce: "Ikon Allah ne, ja gugarka." In na tambayi Baba, sai ya ce in na gama surutun in je in kai wa jaki ƙaiƙayi. Mutum ɗaya ne ke amsawa, shi ma sai ya ga dama, wato Baba Mai Rijiya. Haka kowa ke kiransa. Mutumin wajen garin Babban Mutum ne, aure ya zaunar da shi a ƙauyen da ke gabas da mu, kuma duk rijiyar da ke yankin ko shi ya haƙa ta ko shi ke yashe ta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, jar ƙasa ba ta taɓa barin farcensa ba, ga saurin fushi. Da na tambaye shi zancen ɗumin ruwa, cewa ya yi, "Ikon Allah ne, amma Allah ya ba ka hannu. Ruwan nan yadda yake da ɗari haka yake da bazara. Jikinka ne ke sauyawa, kai da iskar waje. Can ƙasa ba ruwansu da abin da kuke ciki." Zancen taurari kuwa tsaki ya ja. Ya ce, "Shekara talatin ina shiga rami. Abin da na taɓa gani a sama, haske ne kamar faifai, sai kawunan marasa aikin yi irinku."

Yana da wata ɗabi'a. Ba ya shiga rijiya, sabuwa ko tsohuwa, sai ya kunna 'yar aci-balbal, ya sa ta a ƙwarya, ya zura ta da siririyar igiya har ƙasa, yana leƙe. Wani lokaci ya jawo ta ya tuɓe riga. Wani lokaci ya jawo ta ya ce yau ba aiki, ya hau jakinsa. In an tambaye shi sai ya ce, "Tambayarta nake ko tana karɓar baƙi." Mata suka ce gaisuwa yake kai wa mutanen ɓoye. Liman yana haɗe fuska in an yi zancen. Mu samari muka mai da abin dariya. Har yau in na tuna wannan, raina yana ɓaci da tsohon nan, Allah ya jiƙansa. Me zai ragu a jikinsa in ya buɗe baki ya faɗa mana abin da fitilar take nuna masa? Amma haka masu sana'a na da suke, kowa yana rufe abin da ya sani kamar za a sace. Kada wani ya ce muku mutanen da duk masu hikima ne. Na zauna da su, na san taurin kansu.

Akwai wata shekara da ruwa ya yi jinkiri. Hadari ya taso ya watse, ya sake tasowa ya watse. Babbar rijiyarmu kafin hantsi sai laka, guga ya fito da rabin ƙoƙo. Mata suka koma ɗebo ruwa daga wani ƙauye mai nisa, su tafi da sassafe, su dawo rana ta take. A cikinsu har da matar Yaya, da cikinta wata bakwai. Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ya ba ni shekara biyar, ni kuwa lokacin gemu ya fara tsiro mini. Ɗan kokawa ne, a yankinmu ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, kuma ya san haka.

Dattawa suka tuna da wata tsohuwar rijiya a gindin tsamiya, bayan gari, wadda aka rufe da zana da ƙaya shekaru da dama saboda yara. Mai unguwa ya aika wa Baba Mai Rijiya. Ya aiko cewa zai zo da hantsi, a ɗage zanar, amma kada kowa ya taɓa. Muka je da safe muka janye ƙayar, muka ɗage zanar da ta riga ta ruɓe. Muka leƙa, can ƙasa ga ɗan ƙyallin ruwa a tsakanin baƙin ganyen tsamiya. Muka zauna jira. Hantsi ya yi, ya wuce, ba tsoho ba jakinsa. Ana haka sai ga matan sun dawo da tuluna a ka, hanyarsu ta nan take bi. Matar Yaya ce a ƙarshe, tana tafe tana dafe ƙugu, leɓenta ya bushe. Suka sauke a inuwar tsamiyar don su huta. Yaya ya dube ta, ya miƙe.

Ya ce, "Matata tana ɗauko tulu da tsohon ciki, ni ina zaune ina jiran tsoho da 'yar fitilarsa? Ba ni igiyar nan."

Wani dattijo ya ce, "An ce fa kada a taɓa."

Ya ce, "Kawu, rami ne. Ba zaki a ciki."

Ni ne na ɗaure masa igiyar a gungume, da hannuna, har ina jin daɗi 'yan mata suna kallonmu, don wadda nake nema a lokacin tana cikinsu. Bai ɗaura komai a jikinsa ba. Ya kama igiyar ya riƙa sauka, yana taka ramukan da ke jikin bango. Na kwanta rub da ciki ina kallonsa yana ƙanƙancewa. Ya dira. Ya ɗago murya, "Akwai ruwa! Ya kai idon sawu. Turo kwando!" Na juya zan ɗauko kwandon, sai na ji ya ce, "Kai, kaina..." Da na sake leƙawa, ya zauna a cikin lakar, ya jingina da bango kamar wanda ya gaji. Na kira shi. Na sake kira. Kansa ya langaɓe a kafaɗa.

Ban yi tunanin komai ba. Na cafki igiya, na zura ƙafa ɗaya, ina ihu, "Yaya, ga ni nan!" Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya an fizgo ni, kafin in gane wane ne, mari ya sauka a kuncina, irin wanda ke sa kunne ƙara. Baba Mai Rijiya ne, ko jakinsa bai ɗaure ba. Ya ce da wasu ƙarti biyu, "Ku danne shi. In ya kuɓuce, ku za ku binne shi." Suka danne ni a ƙasa, ɗaya ya zauna mini a gadon baya. Na zagi tsohon nan zagin da ban taɓa yi wa kowa ba, a gaban dattawa, a gaban mata. Ko kallona bai yi ba.

Ya ƙyasta ashana, ya kunna fitilarsa, ya zura ta da sauri. Daga inda nake kwance ina ganin fuskarsa kawai, yana ƙirga gaba da leɓe. Can ya ce, "Ta mutu a gaba bakwai." Ya ɗago ya daka wa samari tsawa su karyo babban reshe mai ganye, su ɗaure da igiya, su riƙa jefa shi suna jawowa kamar masu jan guga. Sannan ya juya ga mata: "Ku juye tulunanku a ciki. Ta jikin bango, kada ku zuba masa a ka." Matan suka tsaya suna kallon juna. Ruwan nan tafiyar rabin yini ce, shi ne na sha, shi ne na tuwo. Matar Yaya ce ta fara kinkimar nata, ta juye. Sai sauran suka bi, tulu bayan tulu. Shi kuwa ya riga ya ɗaure igiya a ƙirjinsa, ya riƙe wata mai zarge a hannu. Ya ce da masu riƙon, "Ku sake ni da sauri. In na taɓa ƙasa ku ƙirga goma sha biyar ku jawo ni. Ko na yi magana ko ban yi ba, ku jawo." Aka janye reshen, ya cika ƙirjinsa da numfashi sau uku, ya sauka.

Suka ƙirga da ƙarfi, kowa yana ji. Suka jawo shi, ya fito hannu wofi, idanunsa jajir, ya faɗi a gefe yana haki yana kakarin amai. Laka ta sa jikin Yaya santsi, ga shi da nauyi. Wani ya ce a bari haka, kada a rasa biyu. Tsohon ya ɗaga hannu, ya yi numfashi kamar sau goma, ya miƙe yana tangaɗi, ya ce, "Ku sake." Karo na biyu da aka jawo shi, bai iya magana ba, da yatsa ya nuna ɗaya igiyar. Mutum shida suka ja. Yaya ya fito zarge a hammata, kai a sunkuye, laka har gira, leɓensa ya yi wani irin baƙi da ban taɓa gani a jikin mai rai ba.

Kuka ya ɓarke. Wata gwaggonmu ta sheƙa gida ta dawo da kasko cike da garwashi da turare, tana cewa iska ce ta buge shi, mutanen rijiya ne, a yi masa hayaƙi. Baba Mai Rijiya yana durƙushe yana ƙwaƙule laka daga bakin Yaya, bai tashi ba, ƙafa ya miƙa ya shure kaskon. Ya ce, "Iska ce, amma ba irin taku ba. Mutum yana neman numfashi za ki ba shi hayaƙi? Ku matsa! Ku ba shi fili!" Ya sa aka yi ta fifita da faifai da riguna, shi kuma yana danna masa ƙirji yana saki. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sai muka ji wani gurnani kamar na bijimi, ƙirjin Yaya ya ɗaga, ya faɗa, ya sake ɗagawa. A lokacin ne wanda ke zaune a bayana ya tuna ya tashi.

Yaya ya rayu, amma ba Yayan da ya sauka ne ya fito ba. Kwana uku bai san wanda ke kansa ba. Da ya farfaɗo, harshensa ya yi nauyi, sai ya nemo kalma kamar mai lalube a buhu, hannunsa na hagu yana rawa. Kokawa ta ƙare. Noma yana yi, amma kunya ɗaya tasa, uku tawa. Rijiyar kuwa, tsohon ya bar ta a buɗe kwana biyu ana jan reshe a ciki, fitilarsa ta kai ƙasa da ranta, ya shiga ya yashe ta, ita muka sha har ruwa ya sauka. Gari duka yana sa masa albarka, ban da ni. In na hango jakinsa sai in sauya hanya. A raina na gama yanke hukunci: da ya bar ni na shiga nan take, da na fito da Yaya lafiya lau, shi ne ya tsaya wasa da fitila har ƙwaƙwalwar ɗan'uwana ta taɓu. Ga marin kuma, a gaban yarinyar da nake so, wadda daga ranar in ta gan ni sai ta rufe baki da gyale. Baba mahaifina ya yi mini faɗa, Inna ta yi, na yi kunnen ƙashi.

Haushi ne ya kai ni ga gwaji, ba neman ilimi ba. So nake in tabbatar fitilar nan ƙarya ce. Bayan an gama noman farko, na ɗauki aci-balbal ɗin Inna da ƙwarya da igiya, na tafi wani kufai da ke bayan gonarmu, inda akwai matacciyar rijiya da ciyawa ta rufe. Rana tsaka ce, ko ganye ba ya motsi. Na kunna, na zura a hankali. Tana ci lafiya, tana ci, sai harshen wutar ya fara tsugunnawa, ya yi shuɗi, ya ɗauke. Na ƙulla igiyar a daidai wurin. Na ce ƙila mai ne ya yi kaɗan. Na ƙara, na sake zurawa. A ƙullin nan ta mutu. Sau huɗu ina yi, kamar akwai mai jira a wurin yana hurewa. Duk da haka taurin kai bai bar ni ba. Washegari na saci budurwar kazar Inna, na sa ta a kwando na ɗaure baki. Sama da ƙullin tana ta ƙara tana fuffuka. Da ta wuce shi da kamar kamu biyu, sai shiru. Na jawo da sauri. Ta fito baki a buɗe, wuya a sake, na yi ta fifita ta da hulata ina salati, don na san abin da zan gamu da shi a gida. Ta tashi tana layi kamar ta sha wani abu. Da na koma gida na kunna fitilar a tsakar gida, na kife ta da tukunya. Na ɗaga, ta mutu. Na daɗe zaune ina kallon tukunyar nan. Ashe abin da wuta take ci a cikin iska, shi ne ƙirjina yake ci. Inda babu shi, ba ƙarfin ɗan kokawa, ba son ɗan'uwa, kowa zama zai yi ya jingina da bango.

Sunan abin ban san shi ba sai bayan na tsufa. Ƙanwar wannan jikan nawa, mai karatun aikin jinya, ita ta zauna ta warware mini. Ta ce ganye da duk abin da ke ruɓewa a rami yana cinye lafiyayyar iska, ya bar wata wadda ta fi ta nauyi, ita kuma sai ta kwanta a ƙasa kamar yadda gari ke kwanciya a gindin ƙwaryar fura. Ba launi, ba wari. Ta faɗi sunayensu da Turanci, ban riƙe ko ɗaya ba. Sannan ta faɗa mini abin da ya fi tayar mini da hankali: hayaƙin inji ya fi wannan mugunta, don shi fitila tana iya ci da kyau a cikinsa alhali mutum yana mutuwa, shiga jini yake ya tare wurin numfashi. Na ce, "Wan naki ya san wannan?" Ta ce, "Kaka, ai tun a sakandare aka koya mana. Ya ma fi ni cin jarrabawar." To, ku ji fa! Mu an ɓoye mana, sai da muka saci kaza muka gano. Su an rubuta musu a allo, sun haddace, sun ci jarrabawa, sun bar shi a can. Ga waya a hannu wadda aka ce ba tambayar da ba ta amsawa, amma abin da suke turo mini kullum, muryar wani ce da ba wanda ya san fuskarsa, yana cewa a ɗaura albasa a tafin ƙafa tana zuƙe cuta, ko wanda ya sha lemo bayan mangwaro ya yi sallama da duniya. Wannan suna yarda nan take, har su tura wa mutum hamsin. Janareta kuwa a soro ake kunna shi a rufe ƙofa don kada a sace. In ka yi magana a ce zamani ya wuce ka.

Amma bari in ƙarasa wancan, don ko bayan gwajin kazar ban je wurin tsohon ba. Na gane ya yi gaskiya, sai dai marin yana nan a kuncina. Sai da kaka ta yi, tuni matar Yaya ta sauka lafiya, namiji. Wata rana da la'asar muna zaune ni da Yaya a gindin rumbu muna ɓarar gyaɗa, shi yana yi da hannu ɗaya da haƙori, sai na ba shi labarin kazar don in sa shi dariya. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana neman kalmomi, na jira shi, don mun saba.

Ya ce, "Ba zafi. Kamar barci. Na ji ka... kana cewa ga ka nan. Ina so in ce kada ka zo. Baki ya ƙi."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna.

Ya ce, "Sai na ji tas! Har can ƙasa na ji shi. Na ce alhamdulillahi, an riƙe yaron nan. Daga nan ban ƙara sanin komai ba."

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Ni kuwa na tashi na zaga bayan rumbu, don kada ya ga fuskata.

Da gari ya waye na tambayi inda Baba Mai Rijiya yake aiki, aka ce yana haƙa wa Fulani sabuwa a wata ruga, arewa da mu. Na taka da ƙafa. Na same shi a bakin ramin, ya ɗaure igiya a ƙirji, 'yar fitilarsa tana gefe tana hayaƙi, alamar yanzu ya jawo ta. Babban ɗansa ne ke riƙe da igiyar, kuma kowa ya sani a yankin nan, ban da wannan ɗan ba ya yarda wani mahaluki ya riƙe masa ita. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a daƙile. Na fara jawabin da na tsara tun daga gida, cewa na zage shi a gaban jama'a, na yi wata biyar ban gaishe shi ba, ya yafe mini don Allah. Ya bar ni na kai tsakiya.

Ya ce, "Kai ne aka ce ka sumar wa uwarka kaza?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"A gaba nawa ta yi shiru?"

"Biyar da kamu biyu."

"Ita fitilar fa?"

"A biyar daidai. Sau huɗu na gwada."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tofar da goron da ke bakinsa. Ya ce da ɗansa, "Je ka sha ruwa." Ya karɓi igiyar daga hannunsa, ya miƙo mini.

Ya ce, "Naɗa ta a gungume sau biyu. Kafa ƙafarka nan. Idonka a kaina, kada ka kalli ko tsuntsu. In ka ji na yi shiru, me za ka yi?"

Na ce, "In jawo ka."

"In na ƙi jawuwa fa?"

Na ce, "In kira mutane. Ba zan shigo ba."

Ya ce, "To, riƙe."

Ya juya baya, ya yi bisimilla, ya sauka. Nauyinsa duka ya dawo hannuna.